A Riƙa Auna Kusurwar Benci Kafin a Ɗora wa Samari Ƙarfe

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da zai iya zama ƙarami a idon wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin ƙarfe ba, alhali kuwa yana cin lokacin samarinmu da lafiyar kafaɗunsu ba tare da sun ankara ba. Maganar ita ce ta kusurwar bencin da ake kwanciya a kai a tura ƙarfe domin gina tsokar ƙirji. Na shafe shekaru ina ɗaga ƙarfe a nan Kano. Na fara ne a wani kango da ke bayan layinmu, inda ake cika gwangwanayen fenti da siminti a soka musu bututun ruwa, daga baya na koma gidajen motsa jiki na zamani, yanzu kuma ina taimaka wa ƙannenmu masu tasowa da ɗan abin da Allah ya sa na sani.

Duk wanda yake zagaya unguwanni bayan sallar asuba ko bayan la'asar ya san cewa ɗaga ƙarfe ya samu karɓuwa a wurin matasa fiye da yadda muka san shi a da. Wayar hannu ta kawo musu hotunan manyan masu gina jiki na duniya, kuma tun da Samson Dauda, wanda aka haifa a Legas ya kuma girma a Ingila, ya lashe gasar Mr. Olympia, babbar gasar masu gina jiki ta duniya, a birnin Las Vegas na Amurka a watan Oktoban 2024, sha'awar ta ƙaru a zukatan yaranmu, domin sun ga mai suna irin nasu ya kai ƙololuwar wannan fage. Wannan abin farin ciki ne, tun da saurayin da ya tashi da asuba domin motsa jiki ya fi wanda ya kwana a majalisa lafiya da natsuwa. Damuwata ita ce kayan aikin da suke amfani da su, musamman bencin jingina, wato wanda ake ɗaga bayansa domin a cika saman ƙirji, yawancinsu an ƙera su ne da ido, babu awo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani yaro ɗan kimanin shekara ashirin da ya same ni kwanakin baya yana kukan cewa ya fi shekara guda yana turin ƙarfe a bencin jingina sau uku a mako, amma saman ƙirjinsa ya ƙi cika, ga kuma ciwo da yake ji a gaban kafaɗarsa ta dama duk lokacin da ya ɗaga hannu zai sa riga. Na bi shi wurin da suke atisaye, na sa tef na auna bencin. Abin da na samu shi ne bayansa ya tashi kusan digiri 60 daga ƙasa, kuma an yi masa walda a haka, ba ya sauka ba ya hawa. Wato yaron nan ya shekara yana horar da kafaɗarsa yana zaton ƙirji yake ginawa. Su goma sha wani abu ne suke layi a kan wannan benci ɗaya, kuma da na tambaya sai na tarar ba shi kaɗai ne yake fama da kafaɗa ba.

Domin a gane dalilin da ya sa kusurwa take da muhimmanci, sai an san yadda Allah ya tsara tsokar ƙirji. Babbar tsokar ƙirji tana kama da mafici, mai faɗi a gefe ɗaya, mai tsukewa a ɗaya gefen. Faffaɗan gefen ya kama a wurare uku: wani sashe ya fito daga ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, sashe mafi girma ya fito daga ƙashin tsakiyar ƙirji da guringuntsin haƙarƙari na sama, sai ɗan ƙaramin sashe a ƙasa da ya haɗu da murfin tsokar ciki. Dukkan zaruruwan nan suna tattaruwa su wuce ta gaban hammata su ɗaure a wuri ɗaya, a jikin ƙashin damtse daga sama. Saboda haka zaruruwan sama suna gangarowa ne daga gindin wuya zuwa damtse, na tsakiya suna tafiya a gicciye, na ƙasa kuma suna haurowa. Zaren tsoka ba ya iya komai sai ja, kuma yana ja ne a kan layin da ya shimfiɗu. Idan mutum ya tura hannunsa gaba sak, na tsakiya ne suke kan layin aikin. Idan ya tura gaba da ɗan sama, na gindin wuya ne suke samun rabo mafi tsoka. Idan kuwa ya ci gaba da ɗaga hannun har ya doshi saman kai, aikin yana fita daga hannun ƙirji ya koma wa tsokar gaban kafaɗa, wadda ita aka halitta domin ɗaga hannu sama.

Wannan shi ne duk sirrin kusurwar benci. Ƙarfe kullum ƙasa yake nufa, benci kuma shi ne yake juya gangar jikin mutum a ƙarƙashinsa, ya zaɓi zaruruwan da za su fuskanci nauyin. Shimfiɗaɗɗen benci yana kan sifili, mutumin da yake zaune a miƙe yana tura ƙarfe saman kansa yana kan digiri 90, kuma kowa ya yarda cewa na biyun aikin kafaɗa ne. Tambayar ita ce a wane mataki tsakanin sifili da 90 ne saman ƙirji yake samun rabonsa kafin kafaɗa ta ƙwace aikin.

Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya da na'urar da ake manna wa fata domin auna wutar da ke gudana a tsoka lokacin da take aiki. A shekarar 2020 wasu masu bincike a Jami'ar Almeriya da ke ƙasar Sifen sun gwada mutum 30 da suka saba da ɗaga ƙarfe a kan kusurwa biyar, wato sifili da 15 da 30 da 45 da 60. Sun samu cewa sashen sama na ƙirji ya fi aiki a digiri 30, sashen tsakiya da na ƙasa sun fi aiki a shimfiɗaɗɗen benci, tsokar gaban kafaɗa kuwa ta kai matuƙar aikinta a digiri 60, kuma da zarar an wuce 45 aikin ƙirji yana raguwa. Tsokar bayan damtse, wadda take miƙe gwiwar hannu, ba ta nuna wani bambanci mai yawa ba a dukkan kusurwoyin. Wannan sakamako ya yi daidai da abin da na gani a jikin yaron da na ambata, domin bencinsu yana daidai kusurwar da ta fi ɗora wa kafaɗa nauyi.

Adalci ne in faɗi cewa ba dukkan bincike ne ya zo da magana ɗaya ba. Wani tsohon bincike da aka buga a 1995 daga ƙasar Ostireliya, wanda aka yi da mutum shida, bai ga cewa bencin jingina ya fi shimfiɗaɗɗe motsa saman ƙirji ba, sai dai ya ga cewa benci mai gangare, wanda kai yake ƙasa ƙafafu suke sama, yana rage aikin wannan sashe, kuma matso da hannuwa kusa da juna a kan sandar ƙarfen yana ƙara shi. Haka kuma auna wutar tsoka na ɗan lokaci ba daidai yake da auna girman tsoka bayan watanni ba. Shi ya sa na fi ba wani bincike na ƙasar Barazil nauyi, shi ma na 2020, inda aka raba samari 47 da ba su saba da ƙarfe ba kashi uku: wasu a shimfiɗaɗɗen benci, wasu a bencin jingina mai digiri 44, wasu kuma suna haɗa biyun, sau ɗaya a mako har mako takwas. Da aka auna kaurin tsokar da na'urar sikanin, dukkansu sun ƙaru, amma a can saman ƙirji masu bencin jingina ne suka fi samun kauri. Abin da na fahimta daga haɗa waɗannan shi ne jingina tana da amfani na gaskiya ga saman ƙirji, wurin amfaninta yana tsakanin digiri 30 da 45, kuma babu wata hujja da ta goyi bayan benci mai digiri 60 a matsayin kayan gina ƙirji. Ni a karan kaina na fi son 30, domin a nan mutum yana iya ɗaukar nauyi mai ma'ana kuma kafaɗarsa tana cikin sauƙi, kuma na ga mutane da yawa da ko digiri 15 zuwa 20 ya wadatar da su.

A nan ne nake son masu walda su saurare ni, domin su ne suke ƙera mafi yawan bencin da ke unguwanninmu, kuma ba laifinsu ba ne idan wanda ya kawo aikin bai ba su awo ba. Ido yana yaudara a wannan wuri. Benci mai digiri 30 yana yi wa mai kallo kamar bai tashi ba, shi ya sa ake ƙara ɗaga shi har sai ya yi kama da kujerar zama. Lissafin kuwa mai sauƙi ne, ba ya buƙatar komai sai tef. Idan ana son digiri 30, sai a ɗaga ƙarshen allon jingina sama da mahaɗarsa da rabin tsawon allon. Allo mai tsawon inci 32 zai tashi inci 16 ke nan. Idan ana son 15, zai tashi kimanin inci 8. Idan ana son 45, zai tashi kimanin inci 22 da rabi, kuma ana iya tabbatar da wannan ta hanyar ninke takarda mai murabba'i daga kusurwa zuwa kusurwa a kara ta a jikin bencin. Duk allon inci 32 da ƙarshensa ya tashi inci 27 ko 28, to ya kai digiri 60, ya zama na kafaɗa. Wanda yake da wayar zamani ma yana iya ɗora ta a kan allon ya karanta kusurwar da manhajar awo. Abin da ya fi shi ne a yi wa bencin maƙalai uku ko huɗu a baya, a rubuta lambar kowane da fenti, domin mai amfani da shi ya san inda yake yau ya kuma koma wurin a mako mai zuwa.

Akwai wasu abubuwa biyu na ƙira da ake mantawa. Na farko, mazaunin bencin jingina yana buƙatar ɗan ɗagowa daga gaba, in ba haka ba mutum zai riƙa zamewa ƙasa a tsakiyar turi, ya ɓata kusurwar da aka wahala wajen aunawa. Na biyu, faɗi da tsayi. A dokar gasar ɗaga nauyi ta duniya, faɗin benci yana tsakanin santimita 29 da 32, tsayinsa daga ƙasa kuma tsakanin 42 da 45. Na sha ganin bencin da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, wanda allunan kafaɗa ba su da wurin zama a kai, ko mai tsayin da ƙafar mutum ba ta taka ƙasa sosai. Irin wannan benci ko an daidaita kusurwarsa ba zai ba da natsuwar da ake buƙata ba.

Sannan kusurwar benci daban, kusurwar ƙirjin mutum daban. Wanda yake banƙaro ƙirjinsa sosai yana lanƙwasa baya, yana rage jinginar da benci ya ba shi, ta yadda digiri 30 a allo zai iya komawa ƙasa da haka a jikinsa. Wanda kuma yake ɗaga mazaunansa daga benci domin ya samu ya tura nauyin da ya fi ƙarfinsa, ya mayar da jingina shimfiɗa da kansa. Halittar mutane ma ta bambanta: mai tudun ƙirji zai iya buƙatar ƙarin jingina kaɗan, mai shafaffen ƙirji kuma ƙasa da haka. Saboda haka lambar 30 mafari ce, daga nan sai mutum ya lura da inda yake jin aikin. Idan bayan turi gaban kafaɗa ne yake zafi ƙirji kuma shiru, a sauke allon mataki ɗaya.

Kada wani ya fahimci maganata a matsayin raina shimfiɗaɗɗen benci. Shi ne tushe, shi ne yake ɗora nauyi a kan sashe mafi girma na ƙirji, kuma a kansa ne mutum yake iya tura ƙarfe mafi nauyi. Mu 'yan Najeriya muna da dalilin girmama shi fiye da kowa, domin a wasannin nakasassu na duniya turin benci shi ne gasar ɗaga nauyi baki ɗaya, kuma a nan ƙasarmu ta yi suna. Yakubu Adesokan ya tura kilo 180 a Landan a 2012 a ajin masu nauyin kilo 48, ya ɗauki zinare, wato ya tura abin da ya kusa ninka nauyinsa sau huɗu. Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a Paris a 2024, ta kafa tarihin duniya. Sai dai burin mai gasar nauyi shi ne ƙarfe ya tashi ta hanya mafi gajarta, shi ya sa yake buɗe hannuwa har iyakar santimita 81 da doka ta yarda, yana banƙaro ƙirji domin ya rage tazarar. Burin mai gina jiki kuwa shi ne tsoka ta miƙe ta tsuke a ƙarƙashin nauyi, saboda haka doguwar tafiyar sanda riba ce a wurinsa. Yaranmu da yawa suna kwaikwayon salon na farko alhali sakamakon na biyu suke nema.

Benci mai gangare, wanda kai yake ƙasa ƙafafu suke sama, ba zan daɗe a kansa ba. Yana ƙarfafa sashen ƙasa, kuma digiri 15 zuwa 30 ya isa, amma shimfiɗaɗɗen benci ya riga ya ba wannan sashe aiki mai yawa, shi ya sa ba kasafai ake ganin wanda ƙasan ƙirjinsa ya gaza samansa ba. Masu zuwa gare shi da niyyar narkar da kitsen ƙasan nono suna ɓata lokaci, domin kitse ba ya narkewa daga wurin da aka motsa kaɗai, yana raguwa ne daga jiki duka idan an gyara ci. Mai hawan jini ko mai ciwon hawan ruwan ido ya nisanci sunkuyar da kai a ƙarƙashin nauyi sai da izinin likita. Haka nan maganar da ake yawan yi ta cika tsakiyar ƙirji ko gefensa da wata kusurwa ta musamman ba ta da tushe, tun da zare ɗaya ne ya taso daga tsakiya har hammata, ba ya tsukewa rabi ya bar rabi. Ratar da ke tsakanin ɓangarorin ƙirji biyu halitta ce, gwargwadon inda tsokar kowa ta kama.

Idan aka canza kusurwa, akwai abubuwan da dole su canza tare da ita. A shimfiɗaɗɗen benci sanda tana sauka daidai layin nono ko ƙasa kaɗan. A bencin jingina tana sauka sama da haka, kimanin yatsu uku ko huɗu ƙasa da ƙashin gindin wuya, amma ba a kan wuya ba ko kusa. A kowane hali wuyan hannu ya kasance a saman gwiwar hannu lokacin da sanda ta taɓa ƙirji, gwiwar hannu kuma kada ta buɗe ta yi layi ɗaya da kafaɗa, a ɗan jawo ta wajen haƙarƙari. A matse allunan kafaɗa baya a danne su a kan benci tun kafin a zare sanda daga maratayarta. Nauyi ma dole ya ragu, domin da wuya a samu wanda yake tura a jingina abin da yake turawa a shimfiɗe, kuma wannan ba gazawa ba ce. Na lura cewa jin kunyar rage faifai a gaban abokai shi ne yake sa yara su riƙa dunguro sanda a ƙirji tana tsalle, ko su tsaya a rabin hanya, su rasa sashen da ya fi amfani, wato can ƙasa inda tsoka take miƙewa. Ƙananan ƙarafa na hannu ɗai-ɗai suna da kyau ƙwarai a bencin jingina, saboda suna barin kowane hannu ya bi hanyar da ta dace da gaɓarsa, kuma suna tona asirin hannun da ya fi rauni.

Maganar rauni ba daga littafi kawai na san ta ba. A shekarun farko na yi watanni ina turi a wani benci da gwiwar hannu a buɗe, har kafaɗata ta hagu ta kai ba na iya kwanciya a kanta, kuma sai da na ajiye ƙarfe na tsawon lokaci ina zuwa gashi kafin ta dawo. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato tsinkewar tsokar ƙirji a kusa da inda ta ɗaure da damtse. Mafi yawan wannan rauni a turin benci yake faruwa, lokacin da nauyi mai yawa yake saukowa ƙasa. Mutum yakan ji kamar an yaga tsumma a hammatarsa, sai jini ya kwanta a damtse da gefen ƙirji, siffar ƙirjin ta canza. Wanda wannan ya same shi ya nufi asibitin ƙashi kai tsaye, irin na Dala a nan Kano, domin idan jijiyar ta rabu da ƙashi ɗinki take buƙata, kuma an fi samun nasara idan an yi shi da wuri. Matsa da ɗauri na gida ba sa mayar da ita. Sannan ina roƙon samari da su zagaye sanda da babban yatsa, su daina riƙon nan na buɗaɗɗen tafi da sanda take iya sulluɓewa ta faɗo a ƙirji ko wuya, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin nauyi mai yawa babu mai tsaya masa a kai. A bencin jingina da mai gangare tsayawar mataimaki ta fi zama dole, saboda fita daga ƙarƙashin sanda ta fi wuya.

Ga wanda yake tambayar yadda zai tsara makonsa, abin da nake ba ƙannena shi ne su taɓa ƙirji sau biyu a mako, da hutun kwana biyu ko uku a tsakani. Rana ɗaya su fara da jingina mai digiri 30 tun suna da ƙarfi, su bi da shimfiɗaɗɗe, ɗaya ranar kuma su juya tsarin. Zagaye uku ko huɗu a kowane, turi shida zuwa goma sha biyu a kowane zagaye, a tsaya ana da sauran ƙarfin turi ɗaya ko biyu. Wanda saman ƙirjinsa ya fi zama a baya, ya fara da jingina a ranakun biyu. Abin da ya fi wannan duka shi ne a zauna a kan kusurwa ɗaya na wata biyu ko uku, ana rubuta nauyi da adadin turi a ɗan littafi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mai canza kusurwa kullum ba zai taɓa sanin ko yana ci gaba ba, domin ba shi da abin da zai gwada yau da jiya. Sannu ba ta hana zuwa a wannan fage, tsoka kuma a lokacin hutu da barci take ginuwa, da abincin da ke kasuwarmu: wake da awara da ƙwai da kifi da nono da gyaɗa. Allurai da ƙwayoyin ƙara tsoka da ake sayar wa yara a ɓoye suna sa ƙarfin tsoka ya riga na jijiya, suna taɓa zuciya da hanta da haihuwa, kuma suna cikin abubuwan da likitoci suke dangantawa da tsinkewar ƙirjin da na ambata.

Wanda ba shi da benci ma bai rasa rabonsa ba, domin wannan ilimi na kusurwa yana aiki a kan motsa jikin nan na kifa ciki a dafa ƙasa a tura jiki sama. Idan aka ɗora ƙafafu a kan dakali hannuwa suna ƙasa, an samu kwatankwacin bencin jingina, kuma ƙa'idar ɗaya ce: dakali mai tsayin gwiwa ya isa, idan aka kai ƙafafu kan katanga aikin ya koma kafaɗa. Idan hannuwa ne a kan dakali ƙafafu a ƙasa, an samu kwatankwacin mai gangare, mai sauƙi ga sabon shiga da mai jiki.

Malam Edita, roƙona ga masu gidajen motsa jiki da shugabannin ƙungiyoyin matasa na unguwanni shi ne kowa ya ɗauki tef a wannan mako ya auna bencin jinginar da ke wurinsa, wanda ya wuce digiri 45 a kai wa mai walda ya sauke shi, ko a ware shi a sanar da yara cewa na kafaɗa ne. Ga jaridarku kuma, ina fatan za ku riƙa ba likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi da ƙwararrun masu horarwa fili a shafin wasanni su yi wa matasa bayani da Hausa, tun da yawancin abin da suke kallo a waya da wani harshe yake zuwa, suna ganin hoton ba sa jin gargaɗin da ke tare da shi. Bencin yaran da na ambata mun riga mun kai shi an yanke ƙafar bayansa an sauke allon zuwa inci 16, aikin bai ɗauki awa guda ba, shi kuma mai ciwon kafaɗar na sa shi ya huta da turi ya je likita ya duba shi kafin ya koma.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Kano.